Awa Ɗaya Tsakanin Abuja da Sakkwato

Daga Abuja zuwa Sakkwato awa ɗaya ce da 'yan mintuna a jirgin sama. Idan aka miƙe zare a kan taswira, tazarar kimanin kilomita ɗari biyar ce. Na san haka domin shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a Suleja, kuma kowace shekara sai na sa ɗalibaina sun auna ta da rula. A mota kuwa wuni ne cur, ka fita da asuba ka isa bayan magariba, kunnuwanka na ƙugi, bayanka kamar an yi maka duka. Amma akwai tazarar da ba na iya nuna musu a taswira, wato wadda ke tsakanin ƙofar gidana da ƙofar jirgin. Ita wannan wata rana minti hamsin ce, wata rana awa uku, kuma sai mazaunin Suleja ne yake sanin wace rana ce wace.

Mu mutanen Sakkwato ne. Aure ne ya kawo ni nan. Maigidana yana aiki a Abuja, muka kama haya a unguwar Hashimi a nan Suleja kamar dubban irinmu da suke kwana a Neja su wuni a babban birni. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Innarmu: Yayana, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyu, sai ni auta. Yaya babban ma'aikacin gwamnatin jiha ne, kuma ba zan ce mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya, son manya. Mutum ne da idan ogansa ya kira shi a waya sai ya miƙe tsaye ya gyara hula, ko da kuwa daga shi sai singileti a tsakar gida. Tun ina yarinya nake tsokanarsa da wannan, yana dariya yana cewa ban san duniya ba.

Inna ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Ba ta ɗauke shi sana'a ba, ko ƙwayar goro ba ta karɓa. Tun ina 'yar shekara goma sha shida take tafiya da ni, in riƙe mata buta, in miƙa sabulu, har hannuna ya saba. Ita ta koya mini a fara da alwala, a wanke dama kafin hagu, a sa kafur a ruwan ƙarshe, a raba gashi gida uku a kitse. Ta kuma koya mini cewa duk abin da ido ya gani a ɗakin, a ɗakin ake barinsa. Inna mace ce mai tsananin kunyar jikinta. Ko da ta tsufa ƙafa ta ƙi, ba ta yarda kowa ya raka ta bayi ba.

A babbar sallar da ta zama ta ƙarshe gare ta, muna zaune a tsakar gida ana suyar nama, ta kira ni ta ce, "Auta, in lokacina ya yi, ke nika so ki yi min wanka. Ban son hannun kowa bisa jikina." Sannan ta juya wajen Yaya, wanda ke zaune a kujera yana danna waya, ta tambaye shi ko ya ji. Ya ɗago ya ce, "Na jiya, Inna." Ina maimaita wannan ne domin daga baya an so a nuna mini kamar maganar tsakanina da ita ce kaɗai.

Wata bakwai bayan nan ta rasu, jim kaɗan bayan sallar asuba. Yaya ya kira ni wajen ƙarfe shida. Ban yi kuka a lokacin ba, lissafi na shiga yi. Maigidana ya duba ya ga akwai jirgin Sakkwato da zai tashi ƙarfe goma sha ɗaya, kuma saura kujera ɗaya. Na sake kiran Yaya na jera masa lokutan ɗaya bayan ɗaya: mu tashi sha ɗaya, mu sauka sha biyu da 'yan mintuna, sha biyu da rabi ina gida, wanka da haɗawa ba za su ci awa guda ba, a sallace ta bayan azahar. Na roƙe shi kada kowa ya taɓa ta. Ya ce, "To, Allah shi kawo ki lahiya. Muna jiran ki."

Mun fita ƙarfe bakwai, muka faɗa cikin cunkoson masu tafiya aiki. A Zuba motoci suka tsaya cik. Maigidana ya ajiye motar a wani gidan mai, ya tare mana acaɓa biyu. Ni da rabona da hawan babur tun ina budurwa, na tattare hijabi na ɗare, muka riƙa kutsawa tsakanin tireloli, madubin wata mota ya ɗaye mini gwiwar hannu ban ma sani ba sai a cikin jirgi. Mun isa da sauran lokaci. Maigidana ya tsaya a waje har ya ga tashinmu.

Aka ce kowa ya kashe waya, na kashe. Kujerata a bakin taga take, amma ban ga komai ba. Duk tsawon tafiyar bitar wanka nake yi. Ina tuna yadda zan tallafi kanta, da yadda zan riƙe zanen rufi kada ya zame, da ƙafarta ta hagu da ba ta miƙewa sai an bi ta a hankali. Har magana nake yi mata a raina, ina cewa ga ni nan tafe. Da ma'aikaciyar jirgi ta miƙo mini ruwa da biskit, na karɓi ruwan na ajiye biskit ɗin a jaka. A rayuwata ban taɓa jin na yi wani abu daidai kamar yadda na ji a cikin awar nan ba.

Tayoyin jirgi suna taɓa ƙasa na kunna waya. Saƙon matar Yaya ne ya fara shigowa. Ta rubuta cewa an kai Inna, Allah ya jiƙanta, in yi haƙuri. Na karanta sau uku ina zaune, mutane suna ta ciro jakunkunansu a kaina. Da na isa gida na tarar da maza sun dawo daga maƙabarta har sun baje a kan tabarmi. Na wuce ɗakinta kai tsaye. Simintin wurin da aka yi mata wanka ko bushewa bai yi ba. Wasu mata biyu ne daga wata unguwa suka yi, ɗayar ban taɓa ganinta ba.

Dalilin bai daɗe a ɓoye ba. Ogan Yaya ne ya iso ta'aziyya da tawagarsa wajen sha ɗaya, yana son ya samu ladan jana'iza, kuma yana da taro ƙarfe ɗaya. Yaya ya dubi agogo, ya dubi oga, ya ce a yi wanka. Da na same shi a zaure da yamma, abin da ya ce mini shi ne addini ya ce a gaggauta, haƙuri zan yi. Na san addini ya ce a gaggauta. Ni 'yar mai wankan gawa ce, ba shi zai koya mini wannan ba. Da tun ƙarfe shida ya ce mini ba za a jira ba, da na yi kukana na shiga mota na haƙura. Amma ya ce suna jira na.

Sai ranar sadakar uku na ji sauran labarin. Maigidana, wanda ya biyo ni a mota, ya faɗa mini cikin hira, bai ma san nauyin abin da yake faɗa ba, cewa Yaya ya kira shi ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna yana tambaya ko jirginmu ya tashi. Ya ce masa yanzun nan ya ɗaga. Yaya ya ce madalla, ya kashe waya. Wato sai da ya tabbatar ina sama, wayata a kashe, ba ni da bakin yin roƙo ko ihu, sannan ya ba da umarni. A nan ne baƙin cikina ya koma ƙiyayya, kuma ba zan sa mata wani suna mai daɗin ji ba.

Shekara huɗu ban ce masa uffan a kan maganar ba. Ina gaishe shi da salla, ina aika wa 'ya'yansa atamfa, idan ya zo Abuja ina dafa masa abin da yake so. Dangi suna ta yaba haƙurina, wata gwaggonmu har ta riƙa kafa misali da ni. Ni kuwa ba haƙuri nake yi ba, ajiya nake yi. Ban san me nake jira ba, ban kuma shirya komai ba, kawai na san ban ajiye maganar ba. Duk lokacin da na zo darasin auna tazara a aji, nakan ba yara Abuja da Sakkwato, in tsaya a bakin taga har su gama.

A shekara ta huɗu Yaya ya gina makarantar islamiyya a unguwarmu, ya sa mata sunan Inna. Aikin alheri ne, ban musa ba, kuma ina fata ladan ya isa kabarinta. Amma na ga katin gayyatar da ya turo a waya. Sunan Inna sau ɗaya ya fito, da ƙananan haruffa, sunayen manyan baƙi kuwa sun cika shafi har sun gangara baya. Kwana biyu kafin bikin buɗewa ya zo Abuja da kansa domin ya ƙara jaddada wa babban baƙon gayyata. Baƙon ya riga shi wucewa Sakkwato da kwana ɗaya, shi kuma ya tsaya kammala wasu takardu, ya ce zai kwana a gidana ya bi jirgin safe. Jirgin ƙarfe tara da rabi ne, bikin kuma ƙarfe goma sha biyu. Maigidana yana Minna wajen wani kwas a satin.

Bayan magariba na kawo masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ci ya ƙoshi, ya yi ta santi, sannan ya ciro takarda daga aljihu ya ce bari ya karanta mini jawabinsa in gyara masa, tunda ni malama ce. Jawabin ya yi tsawo, kusan rabinsa gaisuwar manya ne. Can wajen ƙarshe ya sassauta murya ya karanta cewa Allah ya yi wa Inna kyakkyawan ƙarshe, ta cika dukan 'ya'yanta suna kanta, kuma su suka raka ta har makwancinta. Na dubi fuskarsa ina neman alamar kunya ko tsokana, ban ga ko ɗaya ba. Mutumin nan ya manta ne. Abin da na kwana da shi na tashi da shi shekara huɗu, shi ko a gefen ransa babu. Ya tambaye ni ko akwai gyara, na ce masa Hausar ta fita.

Daga nan ya tambayi ƙarfe nawa ya kamata mu fita da safe. Na ce me wayarsa ta ce. Ya danna taswirar waya, ta nuna masa minti hamsin daga gidana zuwa filin jirgi, domin a lokacin hanya fayau take, kowa ya koma gida. Ya yi lissafinsa irin na manya, ya ce idan muka fita bakwai da rabi har shayi zai sha a can. Ya dube ni yana neman in tabbatar.

Washegari kasuwar Madalla ce. Duk wanda ya yi wata uku a Suleja ya san abin da hakan yake nufi. Ranar kasuwa, 'yan tireda da masu doya da masu tumatir suna cin rabin kwalta, motocin kaya suna sauke buhuna a tsakiyar titi, ga kuma ma'aikatan Abuja da suke fitowa kamar an buɗe dam. Wanda zai kama jirgin tara da rabi a irin wannan rana, yana sallame sallar asuba yake ɗaukar jaka. Maganar tana bakina, harshena har ya motsa. Na ce, "To." Na kwashe kwanuka na tafi kicin.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san shirun nan ba shi da maraba da ƙarya a wajen Allah. Amma a daren nan da washegarinsa na riƙe shi kamar hujja, ina ce wa kaina ai ban faɗi abin da ba haka ba. Na leƙa wajen maƙwabcinmu mai tasi, haifaffen garin nan, na ce ya zo bakwai da rabi zai kai baƙo filin jirgi. Ya dafe ƙeya ya ce, "Malama, gobe fa kasuwa ce. Bakwai da rabi? Gosulo zai cinye mu a Madalla, ko motsi mota ba za ta yi ba." Na ce masa mai tafiyar ne ya zaɓi lokacinsa, kuma babban mutum ne, ba a yi masa gardama.

Da safe na yi wa Yaya karin kumallon da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba. Na soya waina, na dama kunun gyaɗa, na yi farfesun kaza, na soya ƙwai da albasa. Da ya cinye ƙwan na tambaye shi ko in ƙara, ya ce ba zai ƙi ba, na koma na fasa wasu na soya a kan wuta 'yar kaɗan. Ya shiga ya sa farar shadda mai aiki har ciki, wadda ta sha sitaci tana ƙara, ya fesa turare, ya ɗauki minti goma a gaban madubi yana karya hula. Ni kuma na sa hijabina na ce zan yi masa rakiya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce auta ba ta girma da son Yayanta. Gaskiyar magana, so nake in gani da idona.

Mai tasi yana ganinsa ya ce da mun fita tun shida. Yaya ya ɗaga masa waya ya ce na'ura ba ta ƙarya, ya ja kawai. Bakwai da minti arba'in muka bar ƙofar gida. Cikin gari muka wuce lafiya, Yaya yana ta waya da masu shirya kujeru da rumfa, yana ba da umarnin inda kowane babba zai zauna. Muna dosar Madalla motar gabanmu ta taka birki, ta gabanta ma haka, shi ke nan muka shiga layi.

Dutsen Zuma ya tsaya a tagar motarmu ya ƙi gusawa. Wata tirela ta gindaya tana sauke doya, wata ƙaramar mota mai kwandunan tumatir ta mutu a gefenta, direbobi suka buɗe layi na uku da na huɗu har babu mai iya motsi. Mata masu tallan gyaɗa da ayaba suna yawo a tsakanin motoci hankali kwance, domin sun san ba inda za mu je. Yaya ya sake duba waya, layin da ya gani shuɗi jiya ya koma ja wur, lokacin kuma ya tashi daga minti hamsin zuwa awa biyu. Ya girgiza wayar kamar ita ce ta lalace. Ina zaune a baya ina kallon gumi yana tsattsafowa a wuyansa yana jiƙa bakin shaddar, kuma daɗi nake ji. Wani daɗi ne mai sanyi, irin na wanda ya cire ƙaya da ta daɗe a ƙafa.

Wajen takwas da rabi mai tasi ya ba shi shawara. Ya ce idan Alhaji zai sauka ya hau acaɓa zuwa gaban Zuba, ya sami wata motar a can, akwai yiwuwar ya kama jirgin. Na san gaskiya ya faɗa, domin na taɓa yi. Yaya ya dubi 'yan acaɓan da ke wucewa, ya dubi rigarsa, ya ce shi da girmansa ba zai hau babur ya isa gaban mutane da ƙura da baƙin mai ba, hanya za ta buɗe. Na sauke ajiyar zuciya a hankali. Daga wannan lokacin na ji kamar an raba mini nauyin laifin biyu, an ba shi rabi.

Hanya ta buɗe, amma sai da ta ga dama. Mun wuce Zuba tara saura, mai tasi ya taka mota iya ƙarfinta ta Giri, muka isa filin jirgi tara da minti ashirin da biyar. Yaya ya tattare babbar riga ya ruga, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ina biye da shi da jakarsa. Yarinyar da ke teburin tantance fasinjoji ta gaya masa cikin ladabi cewa an rufe, fasinjoji sun gama shiga. Ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya tambaye ta ko ta san da wa take magana, ya kira mutum uku da yake ganin za su iya tsayar da jirgi. Ɗaya bai ɗauka ba, biyu suka ba shi haƙuri. Ya tambayi ko akwai wani jirgin da zai kai shi kusa, ko Birnin Kebbi ne, aka ce babu wanda zai isar da shi kafin yamma. Ya kira Sakkwato ya roƙi a ɗaga bikin zuwa gobe, aka ce masa babban baƙo ya ce sha biyu zai yanke ƙyalle, sha biyu da rabi yana da wani wurin.

Muka dawo wajen ajiye motoci. A nan ya sauke fushinsa a kan mai tasi. Ya ce bai iya tuƙi ba, bai san hanya ba, da direban kirki ne da ya bi ta wani wuri. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, ya ɗan saci kallona sau ɗaya. Da Yaya ya tsaya a kan cewa ƙaddara ce, wataƙila da na bar shi ya tafi da ita a haka. Amma ba zan bari a zagi maƙwabcina a kan aikina ba, kuma in faɗi gaskiya, ramuwar da wanda aka rama a kansa bai san an yi masa ba ba ta ƙosar da ni.

Na ce, "Yaya, ƙyale shi. Tun jiya ya faɗa mini. Ni ma na sani."

Ya juyo ya ce, "Kin san mi?"

"Na san yau kasuwar Madalla ce. Na san da asuba ya kamata mu fita."

"Kuma kinka yi shiru?"

"Na yi shiru. Har ƙwai na ƙara maka."

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, sannan ya tambayi don me. Na ce, "Jiya ka karanta mini cewa dukanmu muna kan Inna, mu muka raka ta. Ni ina sama, Yaya. Kai ka kira ka tabbatar."

Mai tasi ya sulale ya koma can gefe. Yaya ya jingina da mota, ya cire hular da ya ɓata minti goma yana karyawa ya riƙe ta a hannu. Na ga abin yana dawo masa a fuska kaɗan-kaɗan. Da ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ni na ɗauka kin yahe tun tuni."

Na ce, "Ba ka taɓa nema ba."

Muka kama hanyar dawowa. Ɓangarenmu na titi babu cunkoso, cikin ƙasa da awa guda muka shigo Suleja. Sha biyu saura wayarsa ta fara ƙara, ta yi ta yi, bai ɗauka ba, daga baya ya kifa ta a kan cinya. A ƙofar gida na sauka. Shi bai shiga ba, ya ce mai tasi zai mayar da shi masauki a Abuja ya jira jirgin gobe. Har na sa makulli a ƙofa na ji ya buɗe mota ya fito. Ya tsaya a bayana, babban mutum da furfurarsa, riga duk ta yamutse, ya ce, "Auta, ki gahwarta min."

Shekara huɗu ina zaton ranar da na ji wannan kalma zan fashe da kuka in ce ya wuce. Da ta zo, ban ji komai ya narke a ƙirjina ba. Abin da na ji shi ne ya yi sauƙi da yawa: safiya ɗaya a gosulo, biki ɗaya da za a nuna masa a hoto, sai kuma kalma uku a bakin ƙofa. Na juyo na ce masa, "Na ji. Ka jira." Na shiga na rufe ƙofa.

Yau shekara biyu ke nan. Yaya, wanda da sai salla-salla yake nemana, yanzu kowace Jumma'a yana saukowa daga masallaci zai kira ni. Mu gaisa, ya tambayi yara da makaranta, ya ba ni labarin ɗaliban islamiyya da suka sauke, sannan ya yi shiru, ni ma in yi shiru, har ɗayanmu ya yi sallama. Maigidana ya yi mini nasiha har ya gaji, ya ce in ji tsoron Allah, ɗan'uwa ɗaya gare ni a duniya. Na san gaskiya yake faɗa. Ina da niyyar yafewa, wallahi ina da ita, kuma ina tsoron ɗayanmu ya rasu kafin in cika ta. Amma duk lokacin da shirun nan ya zo, sai in ji ina son ya ƙara ko da mako ɗaya ne.

Jumma'ar da ta wuce ya gaya mini ƙafafunsa sun fara kumbura, ba ya iya hawa bene sai ya huta, likita ya ce zuciya ce. Ya faɗa ya yi shiru, ina jin numfashinsa a wayar. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ce ya rage gishiri, na ajiye wayar.